Rigar da Tanti Filofteia Ta Aika Lahira

Jama'a, a gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, mai waya ya kife ta. Ga ta nan tafe: Tanti Filofteia ta hawa na uku, bene mai lamba goma sha ɗaya, bayan tashar jirgin ƙasa ta Slatina. Shugabar masu wankan gawa ta wannan yanki, babbar jojin kotun makoki, wadda Fada Visarion kansa yake satar kallonta kafin ya ɗaga kaskon turare. Shekara talatin da huɗu ta yi a masana'antar ɗinki tana haɗa hannun riga da kafaɗa, har injin ya gaji ya mutu, masana'antar ta bi shi, ita kuwa tana nan daram. Tsayinta bai wuce na ƙaramin firji ba. Amma in ta dube ka ta ce "ba haka ake yi ba," ko kai ne magajin gari sai ka mayar da kyandir inda ka ɗauko shi.

Ni ne Relu, maƙwabcinta na hawa na biyu, wanda makarantar koyon gyaran mota ta sallama tun a aji biyu bisa wani dalili da ba shi ya tara mu ba. In kun ga rubutun ya karkace, iyakar karatun ke nan.

A unguwarmu in mutum ya cika, ita ake fara kira, likita ya biyo baya. Ta san madubin da za a rufe, ta san tawul nawa za a raba, ta san yadda ake dafa koliva, alkamar nan mai sukari ta matattu, ba ta caɓe ba kuma ba ta yi tsakuwa ba. Amma dokar da ta fi riƙewa ita ce ta kayan arba'in. Ranar da mamaci ya cika kwana arba'in, ransa ke barin yawo a tsakaninmu ya tafi inda zai zauna. A ranar dangi kan miƙa wa wani mabuƙaci sababbin kaya ta saman kabari, tun daga na ciki har takalmi, kuma abin da aka miƙa a nan shi mamacin zai saka a can. Don haka mai karɓa sai ya dace da mamaci: namiji ga namiji, mace ga mace, tsara ga tsara, jiki ga jiki. Ta taɓa tsayar da sadakar wani tsohon direba cak, ana tsaye a bakin kabari, don takalmin ya gaza da lamba ɗaya.

"So kuke ya yi ta ɗingishi har tashin ƙiyama?" in ji ta. Sai da aka ruga kasuwa.

Wannan matar ce ta raini Sorana.

Da aka haife ta an ce namiji ne, aka yi mata baftisma da suna Sorin. Tana shekara huɗu iyayenta suka tafi aiki Italiya suka bar ta wurin kaka, auren ma ya watse a can. A ƙarƙashin keken ɗinki ta girma, tana tsince ƙyallaye tana naɗawa a ƙugu. Ajinmu ɗaya a firamare. Ta fi ni lissafi, ta fi ni baki, kuma sau ɗaya, don a faɗi gaskiya, ta fi ni dambe. Tana cika sha takwas ta tafi Bukarest. Da bikin Ista ya zagayo sai ga ta da gashi har kafaɗa, da 'yan kunne, ta tsaya a ƙofar kicin ta ce wa kakarta, "Mamaie, sunana Sorana. Dama can ni ce, yanzu ne dai na faɗa."

Tsohuwa ta dube ta daga sama har ƙasa, kallon mai awo. Ta ce, "Wanke hannu, miya na hucewa."

Ba ta kore ta ba, ko da wasa. Wanda duk ya yi gatse a matakala ya ji abin da kakarsa ba ta gaya masa ba. Amma sunan nan bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Tsohon ma ta daina faɗa. Sai ta tsaya a tsakiya, tana kiranta "tsuntsuna," shekara takwas cur.

A Bukarest Sorana ta shiga wata 'yar ƙungiya ta masu sauya jinsi irinta, ɗaki biyu a saman wani kemis. Aikinta rakiya. Wanda zai je kotu neman a gyara masa suna a katin shaida, ita ce a gefensa. Wadda likita ya ƙi dubawa, wadda mai gida ya watso wa kaya waje, wanda uba ya kora da tsakar sanyi, duk lambarta suke da ita. In an yi taro ita ake tura wa abin magana, don ba ta iya jin kunya ba kuma ba ta iya gajarta zance ba.

Shekara uku da suka wuce wasu samari suka tare ta a tashar bas suka karya mata muƙamuƙi da haƙarƙari biyu. Aka ba ta maganin kashe zafi. Ƙashi ya warke, ƙwayar ta ƙi tafiya. Daga ta kemis ta koma ta bayan layi. Ta yi faɗa da abin nan kamar yadda take faɗa da kowa, har ta yi wata goma sha ɗaya ba ta taɓa ba. Wata Talata a watan Maris, da rana tsaka, ta koma sau ɗaya. Jikin da ya riga ya manta bai iya ɗaukar abin da ya saba ɗauka a da ba. Shekararta ashirin da shida.

Ubanta, Nea Tudorel, ya taso daga Torino a mota bai tsaya ko'ina ba. Shi ya shirya komai. Dangi ba sa wanke nasu, don haka Tanti Filofteia tana zaune a kujera wasu suka yi aikin. Da aka buɗe akwatin don ban kwana, sai ga Sorana cikin baƙar kwat da laktaye, an tura gashinta a bayan wuya an ɓoye. Abokanta na Bukarest suna can wajen shingen maƙabarta, ba wanda ya ce su shigo. Kowa ya juya yana kallon tsohuwa, ana jiran kalmomin nan biyar. Ta buɗe baki, ta dubi ɗanta da idonsa ya kumbura, ta mayar ta rufe.

Kafin ya koma bakin aiki, Nea Tudorel ya rataye wata sabuwar kwat a ƙofar kabad ɗinta, da takalmin maza a kwali. Na arba'in ne, in ji shi, ya riga ya yi magana da ɗan mai haƙar kabari, tsaransu ɗaya.

Sama da mako biyu kwat ɗin nan tana kallonta, ita ma tana kallonta. Ran nan da safe ta durƙusa tana neman tawul ɗin sadaka a ƙasan kabad, hannunta ya faɗa kan wata leda. Yadi ne kore, mai nauyi, mita uku. Sorana ce ta kawo shi bara, kafin sanyi ya shigo.

"Mamaie, ki ɗinka min riga," ta ce a lokacin. "An sa min ranar shiga kotu a kan sunana. So nake in tsaya gaban alƙali da ɗinkinki."

"Idona ya mutu, tsuntsuna. Kai wa tela."

"Idon da ya hango ni da sigari daga hawa na uku?"

"Wannan hanci ne."

Sorana ta yi dariya, ta sumbace ta a ka, ta bar yadin. A makon nan kuwa tsohuwa ta ɗinka wa maƙwabciya labule takwas, ta zura zare a allura ba tabarau.

Ta daɗe zaune a ƙasa da yadin a cinya. Ta san ƙa'ida fiye da kowa, kuma ƙa'idar ce ta kama ta. In aka miƙa kwat ɗin can, shi ke nan, yarinyar da ta raina za ta zauna har abada cikin kayan da ta yi shekara takwas tana cirewa. Saura kwana ashirin, kuma daga ranar babu gyara.

Washegari ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta cusa kwalba biyu na miyar gauta da burodi a jaka, ta hau bas ɗin Bukarest. Rabonta da garin tun zamanin gurguzu, lokacin da ake bin layin madara.

Ta sami ɗakin a saman kemis. Mutum shida ne a ciki, wata na waya, wani na faɗa da injin buga takarda. Suka ga tsohuwa cikin baƙaƙen kaya tana haki. Sun gane ta daga maƙabarta.

"Tanti, wa kike nema?"

"Mai tsayin tsuntsuna. Matan ku tashi tsaye, ku jeru a bango. Ke, cire wannan takalmin mai tsini, ba na auna ƙarya."

Suka jeru kamar 'yan makaranta ranar allura. Ta farko ta yi gajarta. Ta biyu, kafaɗa ta yi faɗi.

"Tanti, ni fa ina iya rage cin abinci," in ji ta biyun.

"Kafaɗa ba tuwo ba ce, 'yata. Koma ki zauna."

Ta uku doguwa ce, siririya. Sunanta Mirabela. Ita ce ta buɗe ƙofa ran Talatar nan ta tarar da Sorana. Tef ya zagaya kafaɗa, ya sauka hannu, ya je gwiwa. Tsohuwa ba ta rubuta komai, awon Sorana yana kanta tun na rigar makaranta.

"Takalmi?"

"Arba'in da biyu."

"Shekara?"

"Ashirin da biyar."

"Ke ce. Sai dai ƙugu. Me kike ci a garin nan, iska?"

Sai ta faɗa musu abin da ya kawo ta. Mirabela ta girgiza kai.

"Tanti, ki zaɓi wata. Abin da ya kashe ta, ni ma ina ciki. Yau kwanana goma sha tara ban taɓa ba, kuma ban san ko zan ga na ashirin ba. Kada ki ɗora min kayanta in ba ki kunya."

"Na tambaye ki tarihi? Ɗaga hannu." Ta sake zagaya ƙugun da tef. "Zan bar sarari yatsa uku a nan. Ki cika shi."

Ta buɗe kwalaben, ta yanka burodi, ta tsare su sai da suka ci. Suna ci suna ba ta labari, wannan na katse wancan. Yadda Sorana ke zuwa kotu da burodi naɗe a tawul don masu jira a baranda. Yadda ta taɓa zama a ofishin wani jami'i awa huɗu ta ƙi tashi, har ya sa hannu don ya samu ya tafi cin abinci.

"Kuma ba ta zagi," in ji mai faɗin kafaɗa. "Sai ta leƙa ta tagar akawu, ta kalle shi ta saman tabarau, alhali ba ta da tabarau, ta ce, 'Ba haka ake yi ba.' Wallahi sai ka ga mutum ya miƙe zaune."

Suka fashe da dariya. Tsohuwa ba ta yi ba. Ta naɗe tef ɗinta a hankali, ta warware, ta sake naɗewa. Sannan ta tambayi inda ake sayar da takalmin mata lamba arba'in da biyu.

Kwana tara keken ɗinkinta yana ruri a saman kaina. Riga mai dogon hannu, mai maɓalli goma sha biyu da ta lulluɓe ɗaya bayan ɗaya da yadin. Ranar Alhamis Nea Tudorel ya iso, ya tarar da rigar a shimfiɗe a teburin kicin.

"Mama, mene ne wannan?"

"Riga."

"Na ga riga ce. Ina kwat ɗin da na sayo?"

"Tana nan. Ɗinkin banza, inji ya tsallake a hammata."

"Mama, kada ki mayar da mu abin dariya a garin nan."

"Wa zai yi dariyar? Lissafo min su. Wanne ne ban wanke uwarsa a kan tebur ba?"

"Ɗana ne!" Ya bugi teburin har almakashi ya yi tsalle.

"Naka ne, ban ƙwace maka ba. Ranar jana'iza ka yi yadda kake so, na yi shiru. Sama da wata guda ke nan shirun nan yana zaune min a nan." Ta dafa ƙirji. "Tana ta yawo cikin kayan aro, Tudorel. Jibi za ta tafi. Ba zan tura ta haka ba."

Ya ja kujera ya zauna. Ya daɗe yana murza ɗaya daga cikin maɓallan da babban yatsa, hannun mai ɗaukar bulo.

"Ban san ta ba, Mama," ya ce can ƙasa. "Yaro ɗan shekara huɗu na bari. Ina aiko da cakulan da ƙananan motoci. Ban san wadda aka dawo min da ita a akwati ba."

"Ni da na san ta fa, me na yi? Mita uku na yadi ta roƙe ni."

Sai ya ce, "To kwat ɗin fa?"

"Ubanka shekara shida ke nan da kwat ɗaya a lahira, gwiwar ma ta kusa hujewa tun yana nan. Na rage mata hannu. Mai haƙar kabarin za a ba, shi tsohon, ba ɗan ba. Tsaran ubanka ne."

Nea Tudorel ya yi wani sauti, ba a san ko dariya ba ce ko kuka, ya fita baranda shan sigari.

Asabar da safe maƙabarta ta cika fiye da ranar jana'iza, don labari ya riga ya zaga, kuma mutanenmu ba sa son a ba su labarin abin da za su iya gani da idonsu. 'Yan Bukarest suka tsaya a wajen shinge kamar wancan karon. Tanti Filofteia ta taka har ƙofa.

"Bas kuke jira? Ku shigo, koliva ba ta zuwa waje."

Fada Visarion ya yi addu'a, ya karanta sunan baftisma kamar yadda yake a takardarsa. Tsohuwa ta ƙyale shi. Takarda tasa ce, kaya kuwa tun kakanni aikin mata ne. Shi ma ya sani, don yana gamawa ya duƙufa gyaran sarƙar kaskon turarensa, wadda ba abin da ya same ta.

Ta tsaya a gefe ɗaya na kabarin, ta sa Mirabela a ɗaya gefen. Ta ɗaga ƙunshin: rigar, da na ciki, da safa, da takalmi, da tawul, da burodi, da kyandir a kunne a sama. Hannunta gajere ne, kabarin kuma da faɗi, ƙunshin ya tsaya a tsakiya yana rawa. Mirabela ta miƙo nata hannun, bai kai ba. Sai Nea Tudorel ya jefar da sigari, ya tako, ya tallafi ƙunshin ta ƙasa ya ƙarasa da shi.

"Don ran Sorana," in ji tsohuwa, da muryar da take kiran mai gyaran famfo daga hawa na uku. "Jikata."

"Bogdaproste," in ji Mirabela, godiyar da mai karɓar sadakar mamaci ke yi. Sai a karo na biyu kalmar ta fito duka.

Wata maƙwabciya ta matso da baki kusa da kunnen ta gefenta, amma irin raɗar da ake ji a layi na uku. "To wannan a wane lissafin yake?"

"Mace ga mace, tsara ga tsara, jiki ga jiki," in ji Tanti Filofteia ba ta ko juya ba. "Kin taɓa ganin na yi kuskure a wurin nan?"

Ba wanda ya taɓa gani. Aka shiga rabon koliva.

Kafin a watse ta riƙo Mirabela a wuyan hannu.

"Saurara. Sawa za ki yi, ba ajiya ba. In rigar tana akwati, ita ma can tana akwati. Ki je kotu da ita, ki je kasuwa, ki ci abinci har ta yi maiƙo. Sannan akwai na wata uku, da wata shida, da wata tara, da shekara, daga nan duk shekara har bakwai. Kowanne akwai kaya, kuma wadda ta karɓi na farko ita ke karɓar sauran. Ba a canji."

"Shekara bakwai, Tanti?"

"In kin ɓace min a hanya, tsirara za ki bar ta. Ki yi tunani."

Na bi tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya na tambaya. Sadakar abinci har shekara bakwai, kowa ya sani. Amma kaya a kowane zagaye, kuma lallai mutum ɗaya, babu wadda ta taɓa ji. Babu kuma wadda ta yarda ta hau hawa na uku ta faɗa.

Nea Tudorel ne ya kai 'yan Bukarest tasha a motarsa, zuwa biyu. An ce da Mirabela za ta sauka ya tambaye ta ko Sorana na son cakulan har ta girma. Ta ce sosai, mai gyaɗa a ciki. Ya gyaɗa kai.

Mirabela ta zo na wata uku cikin koriyar riga, ta raka mutum huɗu kotu da ita, ta cika yatsa ɗaya cikin ukun. Ta zo na wata shida. Tsakanin nan ta zame sau ɗaya, ita da kanta ta faɗa a teburin kicin, kuma 'yan ƙungiyar sun kai ta wurin masu magani tun abin bai yi nisa ba. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta ƙara mata miya, ta auna ta don rigar sanyi. Yanzu wayar da mutane ke kira in an kore su daga gida tana hannun Mirabela.

Shekaranjiya na hau sama na tarar da Tanti Filofteia a kan keken ɗinki, ulu mai ruwan toka ya cika ɗakin, fil uku a bakinta. Na tsaya a tsakiyar ɗaki na buɗe hannuwa.

"Tanti," na ce, "kin san ke wace ce? Na rubuta ki a takarda! Ke kaɗai kin yi abin da kotu da coci da majalisa suka kasa. Ya kamata a sa wa titin tasha sunanki, a kafa gunkinki a dandali da tef a wuya, 'yan makaranta su riƙa kawo furanni!"

Ta zare fil ɗin daga baki ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a matashi.

"Riga ce, Relu, kuma kafaɗar hagu ba ta zauna ba. Matsa, ka tare min haske."